Alkamar Inna Hurera da Tagar Hagu

Tun da kuka fara aiki a shagon nan, sau uku ke nan kuna zuwa mini da magana guda: a cire tambayar da kwamfuta ke yi kafin ta bar mutum ya taɓa rumbun bayanai na gaske. Kun ce ɓata lokaci ne. Kun ce ba ku taɓa ganin inda na'ura za ta tsare injiniya ta ce sai ya rubuta sunan wata tsohuwa ba. Ɗayanku har ya ce mini layi biyu ne kacal, kafin shayina ya huce ya goge su. Na san layi biyu ne, ai ni na rubuta su. Ku ja kujeru, yau za ku ji abin da suka ci kafin a rubuta su.

Ku kun iske abu a dafe. Ku kunna kwamfuta, ku rubuta "buɗe", sai baƙin allon nan da muke kira taminal ya rabu gida huɗu da kansa, kowace taga ta shige inda za ta shiga ta zauna tana jiranku. Shi ya sa kuke raina sana'ar. Ni a birnin Madani na koya, a shagon wani mutum da ake kira Ustaz Bashir, wanda ke gyaran kwamfuta yana kuma rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji. Shekara guda cur ban yi komai ba sai hure ƙura daga cikin na'urori da naɗe wayoyi. Da ya yarda na zauna gaban allo, sai na gane cewa rabin aikin ba rubutu ba ne, shiri ne. Kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka buɗe taga, ka shiga babban fayil, ka ta da rumbu, ka buɗe wata tagar, ka shiga uwar kwamfuta, ka sa kalmar sirri, ka sake buɗe wata don kallon kurakurai. Umarni goma sha bakwai ne, na rubuta su a bayan kwali na liƙa a bango. Kana gamawa sai a ɗauke wuta. Ta dawo ka sake daga farko, wata rana sau biyar.

Ustaz Bashir yana da doka ɗaya da yake bi da rula. A farkon kowane layi a taminal akwai ɗan rubutu da ke gaya maka a wace na'ura kake, a wane ɗaki. In ka kai hannu za ka danna ba ka karanta shi da ƙarfi ba, sai ka ji rula ta sauka a kan tebur, tas, dab da yatsunka. "Karanta inda kake!" Na tsani dokar nan kamar me. Na yi wa kaina alkawari ranar da na samu shagona ba mai sa ni karatun allo kamar ɗan makaranta.

Na kuwa samu. Na dawo nan garinmu, Hajj Abdalla, ni da abokina Siddiƙ muka kama wannan ɗakin a bayan layin masu albasa. Siddiƙ tsarana ne, tare muka yi makarantar allo, kuma ya fi ni kai. Aiki na farko da na yi wa kaina shi ne na tattara umarnin nan goma sha bakwai na ɗura su cikin fayil guda, na sa masa suna "buɗe". Na tsara allon yadda nake so. Taga ta sama mai faɗi, ta rubutu. A tsakiya tagogi biyu: ta hagu ta rumbun gwaji, inda sunayen ƙarya suke kuma ba abin da za ka ɓata, ta dama ta rumbun gaske, inda bayanan mutane suke. A can ƙasa siririyar taga da ke nuna saƙonnin da ke fita, kuma ita ke kwafar rumbun gaske zuwa ajiya kowace awa. Ranar da ya fara aiki na kashe kwamfutar na kunna ya fi sau goma, don kawai in ga allon yana rabuwa. Da na ga rubutun farkon layin nan yana cin wuri a ƙananan tagogi, sai na datse shi ya koma ɗigo ɗaya. Me zan karanta? Hagu gwaji, dama gaske, ko a barci na sani.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai mai kantin magani da ke son sanin wane magani ne ya kusa lalacewa. Akwai shugaban makaranta da ke son jadawalin darussa. Wani ma ya taɓa zuwa ya ce in duba masa a kwamfuta inda jakinsa ya shiga. Amma aikin da ya sa aka san mu shi ne na ƙungiyar manoman wata tur'a a gabashin gari. Ku 'yan birni ne, bari in fayyace. Tur'a ita ce magudanar da ke ɗauko ruwa ta ratsa gonaki. Gonar mutum guda ita ce hawasha. Waɗanda hawashoshinsu ke kan tur'a su ruwa ke fara samu, na wutsiya kuma sai abin da ya rage. Mai buɗe ƙofofin ruwa da rufewa shi ne gafir, a lokacin wani dattijo ne, Baba Tanko, mai tsohon littafi a aljihu da ya rubuta ranar kowa. Muka yi musu manhajar da ke riƙe jerin, kuma kullum ƙarfe goma sha ɗaya ta aika saƙo a waya ga waɗanda ruwansu yake gobe, ta aika wa gafir. Da bakina na ce wa Baba Tanko ya huta da littafin nan, takarda akuya ke ci.

Shekara uku abin yana tafiya sumul. Akwai al'ada a ƙauyukan nan, bayan girbi kowa yana aika wa gafir da liman ɗan abin da ya samu. Wata tsohuwa, Inna Hurera, ƙawar mahaifiyata Asabe, wadda hawasharta ce ta ƙarshe a wutsiya, sai ta sa ni cikin lissafin. Duk shekara ƙwarya guda ta alkama tana zuwa gidana, a ce rabon mai waya ne.

Shekara ta huɗu ce mummunar. Laka ta cike tur'a, ruwa ya yi ƙaranci, alkamar mutanen wutsiya ta sha wuya tun tana ƙarama. Aka yi zama uku a gindin dalbejiyar masallaci, har aka kusa ba hammata iska, kafin a daidaita. Aka yarda cewa a zagayen da ƙwaya ke cika, wanda shi ne ruwan da alkama ba ta yafewa, za a juya jerin a fara daga wutsiya. Bayan haka mutane suka yi ta musaya a tsakaninsu, wannan ya ba wancan safiyarsa, wancan ya karɓi yammacin wani, kowa ya biyo ta shago ya gaya mini in shigar. Ba a rubuta ko ɗaya a takarda ba. Sunan farko a sabon jerin shi ne Hurera, ranar Alhamis bayan asuba.

Ana saura mako guda, muna zaune wurin mai shayi, Siddiƙ ya ce mini, "Ya zol, mutumina, tsarin allon nan naka ya daɗe yana damuna. Alwala da dama aka farawa. Shayi in anka kawo, na dama aka fara ba. Karatu daga dama muka fara shi tun muna yara. Gwaji shi na farkon aiki, don mi za shi zauna hagu? Ni kullum idona dama yaka fara zuwa, sai in iske rumbun gaske. Zan juya su."

Ina duba waya a lokacin. Na ce, "Tamam, ba laifi."

Gaskiyarsa ce kuwa. Shi idonsa daga dama yake tashi, kamar na kowa a nan, kuma yana tsoron kada wata rana ya yi ɓarna. Ya juya su, ya ma rubuta bayani a saman fayil ɗin. Ni kuma washegari na tafi garin Sinja wani aiki na yi kwana biyar. Kuma da wayona na riga na shirya "buɗe" yadda duk gyaran da ɗayanmu ya yi, zai shigo kwamfutar ɗayan da kansa ba tare da ya ce uffan ba.

Ranar Laraba da safe na dawo. Na kunna, na rubuta "buɗe", allo ya rabu huɗu kamar kullum, launi ɗaya, ɗigo ɗaya a kowace taga. Akwai abin da nake yi kowace safiya tun shekaru: in shiga tagar hagu in rubuta "share". Wannan ɗan umarni yana kwashe duk abin da ke cikin rumbun da tagar ke kallo, ya zuba sunayen ƙarya sababbi, Manomi Ɗaya, Manomi Biyu, har ƙasa, dukansu da lambar wayata. Da farko yana tambaya ko ka tabbata. Ni na cire tambayar, saboda ɓata lokaci ne. Sabo turken wawa. Ban ma ce na yanke shawarar rubutawa ba, yatsuna ne suka tafi da kansu ina hira da mai kawo ruwan sha. Wajen ƙarfe tara ne. Na yi 'yan rubuce-rubuce a tagar sama, da goma da rabi ta yi muka rufe shago muka tafi fatur, wato karin kumallo.

Muna tsugune a kan kwanon ful, dafaffen waken nan, mu biyar, na gutsuro burodi ke nan, sai waya ta yi motsi a aljihun jallabiyata. Na ƙyale. Ta sake. Ta sake. Sai ta kama rawa ba tsayawa.

Siddiƙ ya ce, "Wayarka za ta hwashe, duba mana."

Na goge hannu na ciro. "Manomi Ɗaya, ruwanka gobe Alhamis bayan asuba." Na biyu, "Manomi Biyu, ruwanka gobe." Na tsaya ina kallo kamar wanda bai iya karatu ba. Rumbun gwaji ba ya aika saƙo, ƙofarsa a rufe take, ni na rufe ta. In har Manomi Ɗaya ya samu hanyar fita zuwa wayata, to wuri ɗaya kaɗai zai iya kasancewa.

Siddiƙ ya leƙo ya karanta. Ya ce a hankali, "Haruna, a wace taga ka yi share?"

Na ce, "Ta hagu. Ina zan yi?"

Burodin da ke hannunsa ya faɗi cikin kwano. Wallahi na ji kamar an kwara mini ruwan tulu daga ka har ƙafa. Na tashi ban san na bar takalmi ɗaya ba, muka ratsa layin masu albasa a guje, mutane na tambaya ko gobara ce.

A shago na karanta inda nake, karo na farko cikin shekaru. Tagar hagu, rumbun gaske. Na buɗe jerin: babu Hurera, babu Tanko, babu mutum ko ɗaya da uwa ta haifa. Siddiƙ ya ce, "Ajiya! Ɗauko ajiya!" Na kai ido kan siririyar tagar ƙasa, sai na ga ta rubuta cikin natsuwa cewa ta yi kwafi ƙarfe goma, lafiya lau, ta kuma sake ƙarfe goma sha ɗaya. Faifan ajiyarmu ƙarami ne, don haka na shirya kowane sabon kwafi ya hau kan tsohon. Ta yi abin da na koya mata ba kuskure ko ɗaya, ta kwashi Manomi Ɗaya da 'yan'uwansa ta binne mutanen gaske da su. Nan na zauna a ƙasa. Akwai wani kwafi a ɗan filashi cikin aljihun tebur, amma na tun kafin shuka ne. Tsohon jeri ne, wanda ke farawa daga kan tur'a.

Muka hau babur sai wurin Baba Tanko. Muka same shi a bakin ƙofar ruwa yana jujjuya waya, yana mamakin su waye waɗannan manoma masu lamba da aka ce ya buɗe wa.

Na ce, "Baba, ina littafinka?"

Ya dube ni. "Wane littahi? Ba kai ka ce akuya ka cin takarda ba? Uwargida ta kunna wuta da shi tun bara waccan."

"To jerin fa? Ba ka riƙe a ka ba?"

"Da can na riƙe. Shekara ukku wayag ga ka tuna mini, mi zan riƙe?"

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma ya fi sharewar kanta girgiza ni. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗauke da tur'a guda a kansa, ni na sauke masa ita.

Da la'asar aka taru a gindin dalbejiya. Na tashi na faɗi abin da na yi, ban ɓoye ba, ban kuma ambaci Siddiƙ ba, don ba shi ya danna ba. Na ce a kawo wayoyi mu duba tsofaffin saƙonni. Aka kawo wasu, amma saƙonnin na zagayen da ya wuce ne, ba na sabon jeri ba, su kuwa wayoyin mutanen kan tur'a abin mamaki duk sun cika an goge su a makon. Kowa ya yarda an ce za a fara daga wutsiya. Amma wace wutsiya? Daga ina ta fara? Musayar nan da aka yi ta yi fa? Mutum goma sha suka rantse ranarsu Alhamis ce. Ido ya raina fata, kowa yana ganin alkamarsa, kowa tasa ta fisshe shi.

Na ce, "Ni na shigar da hannuna. Na farko Inna Hurera ce, gobe bayan asuba."

Wani Alhaji mai hawasha uku a kan tur'a ya juyo. "Bashmuhandis, babban injiniya, wane hannu? Wanda ka share da shi?"

Aka yi dariya, ba ta daɗi ba. Abu ɗaya na sani tabbas a duniya ranar nan, kuma ni kaɗai ne mutumin da ba za a karɓi shaidarsa ba. Inna Hurera tana can gefe cikin mata. Ba ta da saƙon da za ta nuna, domin nata saƙon shi ne wanda ya kamata ya fita ƙarfe goma sha ɗayan ranar, ya zo wayata da sunan Manomi Ɗaya.

Kwana biyar aka yi ana sake ɗinka jerin, ni da Siddiƙ da Baba Tanko muna bi gida gida da littafin makaranta. Ruwa kuwa ba ya jiran taro. Tun daren Alhamis wasu suka fasa bakin magudanansu da kansu, ba a san ko su waye ba, amma gonakin kan tur'a sun wayi gari a jiƙe. Ranar da aka ce to, yanzu na wutsiya ne, Baba Tanko ya buɗe ƙofa, abin da ya gangaro bai kai idon sawu ba, ya tsaya tun kafin ya kai hawasha ta biyar daga ƙarshe. Ga zafi ya sauko da wuri a shekarar. Na je gonar Inna Hurera da ƙafata. Daga nesa sai ka ce ta nuna, ta yi fari fat. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu na hura, abin da ya rage 'yan ƙwayoyi ne a motse, sirara kamar tsinken tsintsiya.

Bayan girbi ina zaune a nan inda kuke, sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Inna Hurera ce. Da can aikowa take yi. Wannan karon da kanta ta zo, ta sauko da ƙyar, ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta ajiye a kan teburin nan, kusa da kibod.

Na miƙe na gaishe ta na ce, "Inna, don Allah ki mai da. Bana ba ki samu ba. Kuma kin san dalili."

Ta ce, "Na sani, ɗan Asabe. Ina wurin sa'ad da ka hwaɗi sunana anka yi maka dariya."

"To ki yi haƙuri ki mai da. Ba zan iya ci ba."

Ta buɗe faifan. "Shekara ukku da ta yi kyau ka ci, ba ka ce a mai da ba. Bana ma rabonka na. Abin da munka noma ke nan ni da kai."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zauna ba, ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce in gai da uwata, ta hau amalanke ta tafi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har yau kuwa.

Na kai gida aka niƙa. Ƙwarya guda cur, garin da ya fito bai wuce na gurasa huɗu ba, saura duk dusa. Na ce kada a ba yara, ni zan ci. Na cinye su a zaune ɗaya.

Washegari na gyara abin da kuke gani yanzu. Tagar gaske ta koma ja, rubutun farkon layi ya dawo da tsawonsa, ajiya ta zama kwafi talatin a wurare biyu, kuma duk Alhamis ana buga jerin a takarda a kai wa gafir, akuya ta ci in ta ga dama. Tsarin Siddiƙ na bari, gwaji a dama, don shi ke da gaskiya. Sannan na rubuta layi biyun nan. Na fara sa tambayar "ka tabbata?", sai na ga cikin mako ɗaya yatsuna sun koyi amsa ta ba tare da ni ba. Sai na canza ta zuwa abin da yatsuna ba za su iya rubutawa ni ina wani wuri ba: wa ke hawasha ta ƙarshe?

Ga kwalbar can a kan kanta, bayan na'urar buga takarda. Ɗan abin da na rage ne daga alkamar kafin a kai niƙa. Ku sauko da ita, kowa ya zuba a tafin hannunsa ya ji nauyin noman shekara guda na mace mai shekara saba'in. In kun gama ku mayar mini, kada ƙwaya ɗaya ta faɗi. Sannan wanda har yanzu yake ganin haruffa shida na sunan Hurera sun yi masa yawa, ga kibod nan, ya zo ya goge ina kallo.